Yadda ake gyara tankin masai mai tsiyayar ruwa, da inda ya kamata a bar wa fulamba

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, ruwan da ke shiga masai na zamani ba daga famfon gwamnati yake zuwa ba. Ko dai an sayi fetur an tayar da janareta ya turo shi daga rijiyar burtsatse zuwa tankin sama, ko sola ce ta yini tana turowa, ko kuma 'yan garuwa aka biya suka yi ta jido. Sai a cika tanki da la'asar, da asuba a murɗa famfo za a yi alwala, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Daga nan sai a hau kan yara, ko a ce matan gida sun cika wanki, alhali ruwan ya kwana yana silalewa ta bandakin baƙi, wanda ba kowa ke leƙawa ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ce tsiyayar ta kai ledar fiya wata guda a minti ɗaya, wato rabin lita. A awa ɗaya lita 30 ke nan, a kwana lita 720. Jarka mai lita 25 kusan 29. Wanda tankinsa na lita 1,000 ne, ya ga inda ruwansa ke tafiya. Kuma ba nan asarar ta tsaya ba, domin duk ruwan nan sokawe yake gangarawa, ya cika ramin da aka haƙa don ya yi shekaru. A wuraren da ruwa ke kusa, irin yankin Hadeja da bakin fadama, da damina ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta shan ƙari.

Mafi yawan lokaci abin da ke jawo wannan bai wuce uku ba: tsakuwar yashi da ta maƙale, roba da ta bushe, ko ƙwallon da ke yawo a kan ruwan tankin masai ta goce daga saitinta. Dukansu mai gida zai iya gyarawa da hannunsa. Akwai kuma waɗanda in ka taɓa za ka ƙara ɓatawa, za mu zo kansu. Amma ko da a ƙarshe fulamba za ka kira daga Gumel ko Wudil ko Bichi, ka fara gano inda laifin yake da kanka, don kada ka biya kuɗin babur sau biyu.

Kafin ka sa hannu

Da yawa ƙyanƙyami ne ke hana su buɗe tankin. Ruwan da ke cikin tankin masai, wato akwatin da ke bayan mazaunin ko wanda aka maƙala a bango, ruwan famfo ne, bai taɓa haɗuwa da najasa ba. Daga sama yake sauka, ba ya komawa. Baƙin da za ka gani ya shafe maka yatsa, tsohuwar roba ce ke narkewa. Jan da ya kama bangon ciki kuwa laka ce da tsatsar ruwan rijiya.

Tanadi filaya, sifana mai saiti, sukudireba, tsohon buroshin haƙori, soso, bokiti, tsumma da tocila. Ƙara da ƙullin bula ta wanki da fensir. Ka yi aikin da rana, kuma a lokacin da akwai ruwa a tankin sama, in ba haka ba da me za ka gwada?

Fara da neman makullin ruwa. Yawanci yana jikin bango ƙasa da tankin, inda ɗan bututun nan mai lanƙwasa da masu sana'ar ke kira fileksibul ya fito. Murɗa shi dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har ya tsaya. In ya ƙi motsi, kada ka kama shi da filaya ka danna ƙarfi. Makullin da ya shekara ba a taɓa shi ba yana iya karyewa a cikin bango, sai ƙaramin aiki ya koma fasa tayil. Je ka rufe babban makulli na gindin tankin sama, ka faɗa wa mutanen gida su tari ruwan da za su buƙata.

Murfin ma akwai dabara. Mai hannu a gefe ɗaga shi kawai ake yi, sai dai na roba wani lokaci yana da sukurori biyu. Mai maɓalli a sama kuwa, sau da yawa zoben da ya kewaye maɓallin shi ke riƙe da murfin. Murɗa zoben hagu da yatsu har ya fito, sannan ka ɗaga. A wasu kuma sai ka ciro maɓallan biyu ka tarar da sukuru a ƙarƙashinsu. In ka fizge shi da ƙarfi za ka karya abin da ba shi ne ya lalace ba. Ajiye murfin tangaran a ƙasa a kan tsumma, can nesa da ƙafa. Ba a cika samun murfi shi kaɗai a kasuwa ba.

Abin da ke ciki

Komai yawan tarkacen da ka gani, aiki biyu suke yi. Ɗaya na shigo da ruwa, ɗaya na sakinsa.

Mashigar ruwa ita ce ke haɗe da fileksibul, ta gefe ko ta ƙasa. Tana da abin da ke yawo a kan ruwa. A tsofaffi ƙwallo ce a ƙarshen dogon hannu na tagulla ko roba. A sababbi wani ɗan kofi ne da ke hawa da sauka a jikin sanda. Ruwa na ƙaruwa yana ɗaga shi, shi kuma yana danna wata ƙaramar roba da ake kira washa a bakin ramin da ruwan ke fitowa, har ta toshe shi. Duka haɗin ne fulamba ke kira bol-bawul.

Mafitar ruwa tana tsakiya, kuma iri biyu aka fi gani a nan. Akwai saifon, mai kama da ƙararrawa a kife da lanƙwasasshen wuya, wanda ake samu a tankuna masu hannu a gefe irin tsarin Ingila, kamar su Twyford. Akwai kuma mai maɓalli, inda wata faffaɗar roba ke zaune a kan rami a gindin tankin, in an danna ta ɗaga, ruwa ya zube, ta koma ta zauna. Wasu suna da murfin roba mai sarƙa maimakon haka, amma aikin ɗaya ne.

Sai bututun ambaliya, wanda aka yi don in mashiga ta ƙi rufewa ruwan ya sami hanya. A sababbin tankuna yana tsaye a ciki, yana zubarwa cikin masai, shi ya sa ake daɗewa ba a lura ba. A wasu tsofaffi ta bango yake fita waje. In ka ga wani ɗan bututu a bayan bandaki yana ɗiga, ƙasan wurin ta yi kore da gansakuka har agwagi sun mai da shi wurin zama, to ga shi nan.

Gano mai laifi

Buɗe makulli, bar tankin ya cika, ka tsaya ka kalla da tocila.

In ruwan ya hau har bakin bututun ambaliya yana gangarawa ciki, kuma kana jin sautin shigarsa bai tsaya ba, laifin mashiga ne. Sa yatsa ka ɗaga ƙwallon ko kofin sama a hankali. Ruwa ya tsaya cak? To saiti ne kawai ya goce, ko ƙwallon ta sha ruwa. Bai tsaya ba duk da ka ɗaga har ƙarshe? Yashi ne ko washa.

In kuwa ruwan bai kai bakin ambaliya ba amma kana ganin siririn ruwa na bin bayan masai, ko kuma can cikin dare tankin ya riƙa ɗan shan ruwa shi kaɗai ya yi shiru, mafita ake zargi. A nan bula ke aiki. Jiƙa kaɗan ka zuba a tankin har ruwan ya yi shuɗi, kada kowa ya danna, ka ba shi minti 20 zuwa 30. In ka dawo ka tarar ruwan cikin masai ya yi shuɗi-shuɗi, robar ƙasa ba ta zama daidai. Babu bula a gida? Rufe makulli, ja layi da fensir a daidai bakin ruwan, ka je ka yi sallar azahar ka dawo. In ruwan ya sauka ƙasa da layin, kuma daɓen bandakin a bushe yake, cikin masai ya tafi.

Ga wani abu da zai rage maka wahala. Saifon mai lafiya ba ya tsiyaya ta ƙasa, domin kafin ruwa ya fita sai ya hau wuyan nan ya tsallaka. Saboda haka in tankinka mai saifon ne kuma yana zuba, fara da mashiga, kusan kullum a can matsalar take. Ciwon saifon daban ne: ka yi ta buga hannu sau uku sau huɗu kafin ruwa ya sauka.

Wani lokaci duka biyun ne suka gaji tare. Gyara ɗaya, ka sake gwaji.

Gyaran mashiga

Fara da mafi sauƙi. Ruwa ya kamata ya tsaya kamar inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, ƙasa da bakin bututun ambaliya. Wasu tankunan ma akwai layi a bangon ciki da ke nuna iyakar.

In hannun ƙwallon na tagulla ne, riƙe shi da hannu biyu, ɗaya kusa da bawul don kada nauyin ya faɗa a kansa, ka lanƙwasa tsakiyar kaɗan yadda ƙwallon za ta yi ƙasa. Kaɗan fa. In na roba ne kada ka lanƙwasa, karyewa zai yi, musamman wanda ya sha zafin bazara shekara da shekaru. Duba gindin hannun, akwai sukuru da ɗan noti. Sassauta notin, ka murɗa sukurun ciki zagaye ɗaya ko biyu, ka mayar da notin. Mai kofi kuma yana da doguwar sanda mai zare a gefe ko maƙali da ake matsawa. Sauke kofin ƙasa kaɗan. Duk gyaran da ka yi, saki ruwa ka bar shi ya sake cika ka ga inda ya tsaya.

Kwance ƙwallon daga hannunta, murɗawa ake yi, ka girgiza ta kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki ta huje, nauyinta ba zai bar ta ta tashi ba. Sabuwa ce magani. Kafin ranar kasuwa, zazzage ruwan, ka mayar da ita, ka sa ta cikin leda mai kauri ka ɗaure bakin tam a jikin hannun. Duba kuma ko tana gogar bangon tankin ko saifon, domin wani lokaci bawul ɗin ne ya ɗan juya, ƙwallon ta riƙa maƙalewa a hanya.

Yanzu yashi, wanda shi ne babban ciwon gidajen da ke shan burtsatse. Sabuwar rijiya, ko wadda ruwanta ya ja baya da rani, tana turo yashi mai laushi. Ya kwanta a gindin tankin sama, ranar da ruwa ya kusa ƙarewa sai ya biyo bututu. Ramin da ke cikin bawul ƙarami ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya in ta zauna tsakanin washa da bakinsa ta isa ta hana shi rufewa.

Rufe makulli, ka saki ruwan tankin. Kafin ka kwance komai ɗauki hoto da waya, daga sama da gefe, domin a wajen mayarwa ne mutum ke rikicewa. A bawul na roba mai ƙwallo akwai babban noti a kansa da ake kwancewa da hannu. A na tagulla akwai ɗan fil mai baki biyu da ke riƙe da hannun, matse bakin da filaya ka zare shi, hannun ya fita, sannan ka turo ɗan silindan da ke ciki, washar na a ƙarshensa. A mai kofi, hular sama ake dannawa a murɗa hagu kaɗan ta fita. Jera kayan a kan tsumma bi da bi yadda ka ciro su, kuma ka toshe ramin gindin tankin don kada wani abu ya faɗa.

Wanke washar, ka goge bakin ramin da buroshi. Sai ka kifa kofi a kan bawul ɗin da yake buɗe, ka sa yaro ya buɗe makulli na ɗan lokaci ya rufe. Ruwan zai feso ya koro yashin da ya rage a bututu, kofin kuma ya hana shi wanke maka fuska. Yawancin sababbin bawul suna da ɗan rariya a ƙasa, inda fileksibul ke shiga. Kwance fileksibul ɗin, bokiti a ƙasa, ka zaro rariyar da filaya ka wanke.

In ka ga farin abu ya daskare kamar kanwa a jikin kayan, jiƙa su a ruwan lemun tsami ko ruwan tsamiya mai kauri na awa ɗaya ko biyu, sannan ka goge. Kada ka kankare da wuƙa ko ƙusa, in ka yi wa bakin ramin zane ba zai ƙara rufewa daidai ba.

Dubi washar da kyau a haske. In ta yi rami a tsakiya, ko ta tsage, ko ta yi tauri, ta gama aiki. Ta bawul ɗin tagulla, wadda take a shafe, ana iya juya ta baya ta ɗan ƙara kwana, ana kuma iya yanko irinta daga tsohon tib na babur. Ta sababbin bawul tana da siffa ta musamman, sai irinta, kuma sau da yawa samun bawul ɗin gaba ɗaya ya fi samun washarsa sauƙi.

Gyaran mafita

Kafin ka zargi roba, duba abin da ke ɗaga ta. A tanki mai maɓalli, ƙarƙashin maɓallan akwai sanduna biyu na roba. In sun yi tsawo, da zarar an mayar da murfi sai su riƙa danna bawul ɗin tsakiya, wato na mafita, ya kasance a ɗan buɗe kullum. Alamar ita ce tsiyaya ta tsaya in murfi na ƙasa, ta dawo in an rufe. Sandunan suna da zare, murɗa su ciki su gajarta. Maɓallin kansa ma yana maƙalewa saboda ƙurar hunturu da sabulu, wanke shi kawai. A mai sarƙa, sarƙar ta kasance da ɗan sako-sako. In ta yi ɗauri tana ɗage murfin robar, in ta yi tsawo da yawa tana shiga ƙarƙashinsa.

In ba nan ba ne, rufe ruwa, saki na ciki, tsane sauran da soso. Kama jikin bawul ɗin tsakiya ka murɗa shi hagu kaɗan, zai fita daga mazauninsa ka ɗago shi. Wasu maƙalai biyu ne a gefe ake matsawa. Ba sai ka sauke tankin ba. A gindinsa za ka ga robar, faffaɗa mai rami a tsakiya. Shafa ta da yatsa. Mai lafiya sumul take kuma tana lanƙwasuwa. Wadda ta mutu za ka ji ƙuraje a jikinta, ko ta kumbura, ko gefenta ya yi kunnen tasa. Shafa kuma bakin mazaunin da ya rage a tankin, ka share laka da yashi da soso mai laushi.

In datti ne kawai, wankewa ta wadatar. In robar ta gaji, zare ta ka juya ta baya ka mayar, sau da yawa tana riƙewa har ka sami sabuwa. Kada ka shafa mata baƙin mai ko giris don ta yi laushi, man fetur da danginsa cin irin wannan roba suke yi. Haka kuma a daina zuba bilic ko jefa ƙwayar nan mai sa ruwa shuɗi a cikin tankin. Ƙamshi na kwana kaɗan ne, amma ita ke tsufar da robobi. Mai son wanke masai ya zuba a masan kai tsaye.

Robar nan ta fi saurin mutuwa a bandakin da ba a amfani da shi. Gidan da ɗan birni ya gina a garinsu, ba a buɗe ɗakinsa sai da Sallah ko biki, tankin ya yi wata shida a bushe cikin zafin Afrilu da Mayu, ranar da aka sake masa ruwa dole ya zuba. A irin wannan gida, a duba bututun ambaliya mai fita waje ma, zanzaro na son gina ɗakinsa a ciki.

Saifon kuwa, in ciwonsa ƙin sauke ruwa ne, wata siririyar leda ce a cikin ƙararrawar ta yage. Ana iya yanko irinta daga leda mai kauri, a ɗora tsohuwar a bi gefenta da almakashi. Sai dai a yawancin tankuna sai an kwance saifon ɗin daga ƙasa, kuma in tankin zaune yake a kan masai sai an sauke shi. Wannan ya shiga layin fulamba.

In sai an sayo sabo

Sauya bol-bawul ba wuya. Rufe ruwa, tsane tankin, kwance fileksibul, kwance notin da ke wajen tankin, ka zare tsohon. Sa sabon yadda robarsa za ta kasance ta ciki, ka ɗaure notin da hannu har ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan da sifana. Iyakar ke nan. Zaren roba ne, tankin kuma tangaran, wanda ya ce sai ya ji ya ɗauru tam shi ne ke tsaga tanki. Wajen mayar da fileksibul fara da yatsu, in ka ji ya cije tun zagayen farko, warware ka sake, ya hau zare a karkace. Fileksibul yana da washarsa a ciki, ita ke hana ɗiga, ba farin tef ba. In ta lalace sauya ta ko ka sauya shi duka.

Wajen saye, ɗauki tsohon a leda ka tafi da shi, kada ka dogara da kwatance. Mai shiga ta gefe daban, mai shiga ta ƙasa daban, tsawonsu ma ya bambanta, ko da yake bakin yawanci rabin inci ne. Robar mafita kuwa faɗinta ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani. Masu kayan gini a hedikwatar ƙaramar hukuma sukan ajiye bol-bawul da fileksibul. Abin da ya gagara, sai Dutse ko Hadeja, ko a ba direban da ke shiga Kano saƙo ya duba a kasuwar Ƙofar Ruwa ko layin masu kayan famfo na Faransa Rod a Sabon Gari. In ka samu, sayi roba biyu.

Ka kuma gaya wa mai shago cewa ruwanka daga tankin sama yake. Ƙarfin ruwa ya danganta da tsayin tankin: kowace mita 10 ke ba da awo ɗaya na ƙarfin ruwa, wanda ake kira "bar" a Turance, mu kuwa tankunanmu mita uku ne zuwa biyar a kan ƙarfe ko gini. Wasu bawul an yi su ne don ruwa mai ƙarfi, in ka sa su a nan sai tankin ya yi ta jan lokaci kafin ya cika, wasu ma ba sa rufewa sosai. Tsohon yayi mai ƙwallo da hannu, duk da ba shi da kyan gani, ya fi haƙuri da ruwanmu, kuma ko a ƙauye ana iya yi masa dabara.

Bayan ka gama, buɗe makulli a hankali, ka goge duk mahaɗa da busasshen tsumma, ka shimfiɗa takarda a ƙasa. Sake gwajin bula. Da daddare kuma ka duba inda ruwa yake a tankin sama, ka sake dubawa da safe.

Inda za ka tsaya

Akwai ayyukan da kiran fulamba ya fi araha. Tanki ko masai da ya tsage, ko da tsagar siririya ce, gam ba ya riƙe ta, kuma tangaran in ya fashe yana yanka mummunan yanka. Ruwa da ke fitowa tsakanin tanki da masai in an danna, wannan robar tsakiya ce, sai an sauke tankin, kuma kusoshin da ke riƙe da shi galibi sun yi tsatsa sai an yanke. Ruwa da ke fitowa ta gindin masai a kan daɓe, musamman mai wari, wannan ba ruwan tanki ba ne, najasa ce, a hana yara shiga har a gyara. Makulli da ya karye ko bango da ke jiƙewa. Sai masai da ruwansa ke tasowa ya sauka a hankali, wanda ke nuna toshewa ko sokawe ya cika. In kuma ramin bai kai mita 30 daga rijiyar da ake sha ba, nisan da ma'aikatan lafiya ke ba da shawara, to maganar ta wuce ta asarar ruwa, a gaggauta.

Haka in ka sauya bawul, ka wanke, bayan sati biyu ya sake cika da yashi. Ba hannunka ne bai iya ba. Tankin sama ke son wanki, a ɗaga bakin bututun fita daga gindinsa, a sa matata a hanya, wataƙila ma a ɗan ɗago sumo, wato injin da ke turo ruwa, daga ƙasan rijiya. Wannan aikin masu shi ne.

Kiran ma da yadda ake yinsa. In ka ce, "Malam, bandakina ne ke zuba, ka zo ka gani," zai hau babur ya zo hannu rabbana, ya leƙa, ya ce sai an sayo kaya, ka ba shi kuɗin mota ya koma gari, sai jibi. Amma in ka tura masa hotuna ta WhatsApp ka ce, "Malam, tanki ne mai maɓalli biyu, zaune a kan masai. Na sa bula, ta ƙasa yake zuba, na juya robar bai daina ba, kuma yana ɗiga ta tsakiya in an danna," zai ce, "To Alhaji, bari in taho da bawul da robar tsakiya da kusoshi." Zuwa ɗaya, an gama.

Ku yi ciniki tun a waya, a raba kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, kuɗin mai daban. Ku tsayar da lokacin da kana gida, ko wani babban namiji, tunda bandakin cikin gida ne kuma sai an yi wa iyali sallama sun kimtsa. In akwai wasu masu irin matsalar a gari, gidan maigari ko asibitin sha-ka-tafi ko gidan malaman makaranta, ku haɗa kira ɗaya ku raba kuɗin hanya. Tsaya a kansa yana aiki, ba don rashin yarda ba, don ka ga yadda ake kwancewa. Ya bar maka tsofaffin kayan da ya cire, su ne samfurinka na gaba. In babu ƙaramin makulli a gindin tankin masai, ce ya sa maka tun da ya zo. Kada kuma ka cika masa kuɗinsa sai an saki ruwa sau biyu ko uku a gabanka, tankin ya cika ya yi shiru, ƙasa a bushe.

Kafin ya iso, ko kafin saƙon Kano ya dawo, rufe makullin masan, a ajiye bokiti a bandakin. Ruwa lita shida zuwa tara in aka juye shi cikin masai gaba ɗaya yana kora kamar yadda tankin ke yi. In babu makulli, gitta sanda a kan bakin tankin, ka ɗaure hannun ƙwallon a jikinta da igiya yadda zai tsaya a sama, ruwa zai daina shiga in dai washar ba ta mutu ba.